Maigidana ya rasu ya bar katunan 'yan wasa: in yi musu inshora ko in sayar?

Assalamu alaikum Anti. Daga Houston ta jihar Texas nake rubuto miki. Wata biyu ke nan da Allah ya yi wa maigidana rasuwa, ina cikin takaba. Ya bar ni da yara uku, namiji mai shekara 16 da ƙannensa mata biyu, mahaifiyarsa kuma tana nan da rai a Kano. Tun zuwansa Amurka karatu a farkon shekarun 1990 yake tara katunan 'yan wasa, wato ƙananan katuna masu ɗauke da hoto da sunan ɗan wasa. Yanzu kwali tara ne a gareji, yawancinsu na ƙwallon kwando, na Hakeem Olajuwon, ɗan wasan nan haifaffen Najeriya, sun fi yawa, wasu an rufe su cikin roba mai tauri da lamba a sama. Akwai rigunan Super Eagles biyu masu sa hannu, da tikitin wasan Najeriya da Bulgeriya na 1994. Ban taɓa tambayarsa darajarsu ba, tsiya kawai nake yi masa. Wani mai shagon katuna ya zo ya duba, ya taya duka dala dubu shida, ya ba ni mako guda. Ƙanin marigayi ya ce in sayar a raba kuɗin, wai takardun wasan yara ne. Ɗana ya ce ko ɗaya ba za a taɓa ba. Ni kuma ruwa nake tsoro, domin ambaliyar 2017 ta shiga garejin nan, Allah ya sa a lokacin kwalayen suna ɗakin sama. Wakilin inshorar gidanmu ya ce min a waya duk kayan cikin gida suna ciki. Wannan ya isa? In kuma na sayi wata inshorar daban, ban shiga haram ba?

Wata baiwar Allah, Houston

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ki haƙuri da juriya, ya raya abin da ya bari.

Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, ki kira ɗanki ku kwaso kwalayen nan daga gareji. Ku kai su ɗakin sama, cikin kabad ɗin da rana ba ta shiga, inda na'urar sanyaya gida ke kaiwa, nesa da bangon banɗaki da duk wurin da bututun ruwa ya ratsa. Ambaliya kike tsoro, amma zafi da danshin garejin Houston sun riga ta fara aiki. Kati takarda ne. Danshi yana lanƙwasa shi, yana manne shi da ɗan'uwansa, fumfuna ta hau shi, kyankyaso ya lashe bakinsa, tawadar sa hannun da ke jikin riga kuma ta koɗe. Irin wannan lalacewa ta sannu a hankali, da wuya ki sami kamfanin inshorar da zai biya ta, komai tsadar takardar da kika saya. Su abin da ya auku farat ɗaya suke biya, kamar gobara ko sata.

Mai shagon nan kuma ki ba shi haƙuri. Ban ce macuci ba ne, ɗan kasuwa ne, kuma ɗan kasuwa ba ya taya kaya sai ya hango ribarsa a ciki. Wa'adin mako guda da ya ba mai takaba ne bai kwanta min ba, ruwa ba ya tsami banza. Mai yiwuwa dala dubu shida ta yi daidai, mai yiwuwa kati ɗaya a cikin kwalayen ya fi haka. Ba ki sani ba, ƙanin marigayi bai sani ba, kuma kayan yanzu ba naki ba ne ke kaɗai. Akwai haƙƙin marayu uku a ciki da na tsohuwa a Kano. Mai riƙon amana ba ya sayar da abin da bai san kuɗinsa ba.

Maganar wakilin inshorarku, cewa duk kayan gida suna ciki, tana da gaskiya ta wata fuskar, amma gaskiyar da ba za ta amfane ki ba ranar da kike buƙata. Inshorar gida a Amurka an gina ta ne a kan kujeru da firji da tufafi, abubuwan da kowa ya san kuɗinsu a kanti. Kamfanoni da dama suna sa iyaka ta musamman a kan kayan tarawa irin su katuna da tsabar kuɗi na tarihi da kan sarki, ta yadda ko kayan sun kai dubu hamsin, abin da za a biya ba zai wuce ɗan adadin da aka rubuta a wani shafi na ciki ba. Sannan akwai kason asarar da mai gida ke ɗauka da kansa kafin kamfani ya fara biya. Ki ce ya turo miki cikakkiyar takardar yarjejeniyar, ki rubuta masa tambaya ta imel: idan katunan 'yan wasa da rigunan sa hannu suka ƙone ko aka sace su, nawa ne iyakar abin da za a biya, kuma da wane ma'auni za a yi musu kuɗi? Amsar ta zo a rubuce. Abin da aka faɗa a waya iska ce. A cikin wannan imel ɗin ki sanar da su rasuwar maigidan idan ba ki riga kin yi ba, a gyara sunan da ke kan takardar.

Ruwan da kike tsoro kuwa, a nan ne ramin ya fi zurfi. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, wato ruwan da ya taso daga waje ya shigo gida, irin na guguwar Harvey a watan Agustan 2017. Ruwan bututun da ya fashe a cikin gida, kamar yadda ya faru da gidaje masu yawa a Texas a sanyin Fabrairun 2021, wannan yawanci ana biya. Ambaliya tana da tata inshorar daban, kuma mafi yawan mutane daga shirin gwamnatin tarayya da hukumar agajin gaggawa ta FEMA ke gudanarwa suke saya. To ita wannan takarda ta gwamnati ta ambaci katunan 'yan wasa da sunansu, ta haɗa su rukuni ɗaya da zane-zane da kayan sa hannu da kayan ado, ta ce duka rukunin ba za a biya fiye da dala 2,500 ba a asara guda. Ki lura da kyau: gwal ɗinki ma yana cikin wannan dala 2,500 ɗin. Kuma sabuwar takarda a wannan shiri tana ɗaukar kwana 30 kafin ta fara aiki. Lokacin guguwa a yankinku daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma da zarar guguwa ta doso gaɓar teku kamfanoni sukan dakatar da karɓar sababbin mutane har ta wuce. Ba a neman inshora bayan hadari ya haɗo.

Amma duk wannan na bayan abu ɗaya ne, wanda shi ne zuciyar shawarata: kamfanin inshora ba ya biyan abin da kika mallaka, abin da kika iya tabbatar masa kin mallaka yake biya. Gwal yana da sauƙi. Ko ya narke a wuta a ɗora shi a sikeli, nauyinsa ya faɗi kuɗinsa. Kati in ya ƙone toka ne, tokar katin dala ɗaya da ta katin dala dubu goma ba mai bambance su. Darajarsa duk tana cikin shaida. Idan gidan ya ƙone yau, Allah ya kiyaye, abin da za ki iya faɗa shi ne “kwali tara”, kuma kuɗin kwali tara na takarda za a lissafa miki.

Don haka aikinki na farko rubutu ne, kuma aiki ne da ya dace da halin da kike ciki, domin ba ya buƙatar fita. Ki zauna da ɗanki a teburin cin abinci, hannu a wanke a bushe, babu shayi a kusa. Ku fara da waɗanda ke cikin roba mai tauri. Waɗannan an riga an kai su wurin kamfanonin tantancewa, irin su PSA da Beckett da SGC, sun duba sahihancinsu da lafiyarsu sun ba su maki daga 1 zuwa 10. Kowanne yana da lambar shaida a jikinsa, wadda za ku iya bugawa a shafin kamfanin ku ga ko ta dace da katin. Kada a fasa robar ko kusa. Ku ɗauki hoton gaba da baya, ku rubuta sunan ɗan wasa, shekara, kamfanin da ya buga katin, maki da lambar. Sauran na cikin kwali ku ɗauki bidiyo kuna buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ku ware duk wanda marigayi ya saka a leda shi kaɗai, domin bai yi hakan a banza ba. Ku binciki imel ɗinsa da asusunsa na kasuwar intanet ta eBay, can ne rasit ɗin abin da ya saya a shekarun baya yake kwance. Ya yiwu ma ya bar nasa jerin a kwamfuta ko a littafi, masu wannan sha'awa da wuya su rasa shi. In kun gama, kwafi ɗaya ya tafi ma'ajiyar intanet, ɗaya ya tafi wurin wanda kika amince da shi a wajen gidan. Jerin da ya ƙone tare da kayan bai yi aikin komai ba.

Ki shirya ranki, akasarin katunan ba za su yi kuɗi ba. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990, daidai lokacin da maigidanki ya fara tarawa, kamfanoni sun buga katuna ba adadi, kowa ya saya ya adana, shi ya sa yau suke zube a kasuwa kamar ƙasa. Kuɗin yakan taru ne a 'yan ƙalilan. Wanda zan so ku nema da idon basira shi ne na kamfanin Fleer na kakar 1986 zuwa 1987, jerin katuna 132. A cikinsa katin Olajuwon yake mai lamba 82, sunan a rubuce Akeem, domin sai a 1991 ya mayar da harafin H a farkon sunansa. A cikin jerin nan dai katin Michael Jordan yake mai lamba 57. Mutumin da ya ƙaunaci Olajuwon har haka, ɗan wasan da ya kawo wa Houston kofi a 1994 da 1995, ba mamaki ya nemi jerin gaba ɗaya. Katin Jordan ɗin mai maki 10 an sayar da shi dala 738,000 a gwanjo a farkon 2021, daga baya farashin ya faɗo ƙasa da rabin haka. Mai maki ƙasa kuɗinsa bai kusa nan ba, kuma yana cikin katunan da aka fi yi wa jabu a duniya. Na kawo wannan ne don ki ga abu biyu: tazarar maki ɗaya tana iya ninka kuɗi sau da yawa, kuma kasuwar tana hawa da sauka, don haka ƙimar da aka yi bana sai an sabunta ta bayan 'yan shekaru. Lokacin da kuke duba farashi, ku dubi abin da aka sayar aka biya, ku bar abin da mai kaya ya rubuta yana fata.

Rigunan su ma suna da nasu bincike. Rigar da ɗan wasa ya saka a fili daban, wadda aka saya a kanti aka kai masa ya sa hannu daban, kuma tazarar kuɗinsu kamar sama da ƙasa ce. Rigar da Maradona ya saka a wasansu da Ingila a 1986 ta yi fam miliyan 7.1 a gwanjon Sotheby's a 2022 saboda an san hannun da ta bi: shi ya ba ɗan wasan Ingila Steve Hodge bayan wasan, kuma an daidaita ta da hotunan ranar. Sa hannu na jabu ya yi yawa har sai da hukumar FBI ta yi babban samame a kan masu yin sa a ƙarshen shekarun 1990. Saboda haka kamfanin inshora zai nemi shaida. Ki duba ko akwai hoton marigayi tare da ɗan wasan, ko wasiƙa, ko takardar kamfanin tantance sa hannu irin JSA. In babu, ana iya kai rigar a tantance.

Bayan jerin ya kammala, idan kin ga akwai abin da ya kai a kashe masa kuɗi, ki nemi ƙwararren mai yi wa kaya ƙima. Sharaɗi biyu: kada ya zama mai son saye, kuma ladansa ya kasance na awa ko na aiki, ba kaso daga kuɗin da ya yanka ba. Ki gaya masa ƙima biyu kike so, domin ba ɗaya ba ne. Akwai kuɗin da kayan za su yi a kasuwa ranar da maigidanki ya rasu, wanda shi ne na rabon gado, kuma shi hukumar haraji ta Amurka ke ɗauka a matsayin tushe idan magada suka sayar daga baya. Akwai kuma kuɗin da za a kashe a sayo madadinsu yau, wanda shi ne na inshora kuma yakan fi na farko.

Da wannan a hannu sai ki nemi farashi daga ɓangare biyu: ƙarin shafi a kan inshorar gidanku wanda zai lissafa manyan kayan da sunansu, ko kuma takarda mai zaman kanta daga kamfanonin da kayan tarawa ne sana'arsu. Ni ta biyun na fi karkata a kanta a halinki, saboda yawanci ta fi faɗi kuma asarar da kika nemi a biya ki a kanta yawanci ba ta shafar tarihin inshorar gidan. Abin da za ki nace a kai shi ne a amince da ƙimar manyan kayan tun yanzu, a rubuta, ta yadda ranar asara ba za a zauna ciniki da ke ba. Ki tambaye su ƙarara ko ambaliya tana ciki, ko tana rufe kaya a hanya idan an aika su tantancewa, da abin da zai faru in abu ya ɓace ba tare da alamar fasa gida ba. Ki tambaya ko tana aiki a wajen Amurka, tunda wata rana wani abu zai iya tafiya Kano. Ki gaya musu gaskiyar inda kayan suke ajiye da kuma cewa na gado ne da ba a raba ba, domin ɓoye irin wannan shi ne ƙofar da kamfani ke bi ya ƙi biya. In kin yi tunanin akwatin ajiya na banki, wuri ne mai kyau ga ƙananan masu tsada, sai dai abin da ke cikinsa banki ba ya yi masa inshora, hukumar FDIC mai yi wa ajiyar banki inshora ma kuɗin asusu kawai take karewa.

Tambayarki ta halal da haram ta nuna irin zuciyarki, kuma ba zan rufe miki cewa malamai sun saɓa ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci tana ɗauke da garari, wato rashin tabbas, mai yawa don haka ba ta halatta ba, ta nuna tsarin taimakekeniya, wato takaful, a matsayin mafita. Tsarin ya fara a Sudan a 1979, a Najeriya ma hukumar kula da inshora ta NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Wasu manyan malamai, irin su marigayi Sheikh Mustafa al-Zarƙa na Siriya, sun halatta inshorar dukiya. A Amurka takaful na irin waɗannan kaya ba abu ne da ake samu a sauƙaƙe ba, kuma ke dukiyar marayu kike tsaro, ba riba kike nema ba. Ra'ayina shi ne akwai buƙata ta gaskiya a nan, na ɗan lokaci, har a raba gadon. Amma ni ba mai fatawa ba ce. Ki kai wa malamin da kika yarda da iliminsa a nan Houston, wanda ya san yanayin ƙasar, ki faɗa masa yadda kika faɗa min. In zuciyarki ba ta natsu ba, to sai ki gajarta lokacin riƙon: a gaggauta ƙima, a kai masu tsadar banki, a raba. Rubutun da hotunan dai babu saɓani a kansu, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani umarni ce da a rubuta mu'amala a kafa shaida.

Game da ƙanin marigayi, ki tausasa masa harshe, mai yiwuwa halin mahaifiyarsu yake dubawa. A shari'a, tunda akwai ɗa namiji, 'yan'uwan mamaci ba su da rabo. Ke kina da tumuni, Hajiya tana da sudusi, saura na yara ne, namiji rabon mata biyu. Dokar Texas kuma, in babu wasiyya, ba ta ba uwa komai idan akwai 'ya'ya, tana kuma bambanta abin da mutum ya mallaka kafin aure da wanda aka samu a cikin aure. Lauyan gado ne zai nuna miki yadda za a fitar wa Hajiya haƙƙinta ba tare da an saɓa wa kotu ba, musamman da yake yaran ba su kai shekara 18 ba. Ki kira Hajiya da kanki ki ce mata ana ƙidaya kayan ne don kada haƙƙinta ya salwanta, kuma za ki turo mata jerin da takardar ƙimar. Kuɗin mai ƙima da na inshorar ki rubuta su, ki sanar da magada tun kafin ki kashe.

Tsiyar da kika ce kina yi masa kada ta dame ki. Iyayenmu mata sun jera tasoshi da kwanuka har rufin ɗaki, mazansu suna yi musu irin wannan tsiyar, kuma kowa ya san ado ne, ajiya ce, tarihi ne. Nasa jeren ke nan.

Ɗanki kuwa ba kuɗi yake karewa ba, ƙamshin ubansa yake nema a cikin kwalayen. Ki bar shi ya riƙe alƙalamin jerin. In ƙima ta fito, abin da yake so ya zauna a gida sai a lissafa shi cikin rabonsa, ƙannensa su ma a tambaye su abin da suke so, kada a ɗauka mata ba ruwansu. Tikitin nan na 21 ga Yunin 1994, ranar da Najeriya ta ci Bulgeriya 3 da nema a Dallas, ranar da Rashidi Yekini ya riƙe raga yana kuka bayan ya ci mana ƙwallonmu ta farko a gasar cin kofin duniya, ba lallai ya yi wani kuɗin kirki a gwanjo ba. Ku saka shi a leda marar sinadari, ku ɗauki hotonsa gaba da baya, kada a manna masa gam ko a rufe shi da injin laminatin. In akwai abokin marigayi da suka je Dallas tare, ɗanki ya kira shi ya ba shi labarin ranar, ya rubuta a takarda daban, a ajiye tare da tikitin.